Zalhata Ta Zo ta Uku

...wai ta janye. Haka kawai, ta janye, sai ka ce kujera aka ce ta matsar daga hanya. Zalhata Mmadi tana zaune a benci a ƙofar ofishin karɓar 'yan takara, takardun shiga zagaye na biyu na zaɓe a cinyarta, waya na ta ɓari a jaka. Gaëtan ne, sakataren jam'iyya, ba sai ta duba ba. Shida saura kwata. Shida na yi za a rufe, wanda bai miƙa ba ya fita ke nan.

"'Yar'uwa, ƙasa za ki duba," in ji shi da safe. 'Yar'uwa! Yaushe aka yi wannan zumuncin? Shekara goma sha ɗaya tana manna musu hotuna a bango, tana hawa bene hawa tara tana ƙwanƙwasa ƙofofi bayan ta tashi daga karɓar haihuwa a asibiti... da ta nemi mazaɓar unguwarsu a birnin Dunkerque, inda rabin yaran a hannunta suka faɗo duniya, me aka ce? Akwai mai ita. Kullum akwai mai ita — wani mai furfura da ya riƙe kujerar tun tana firamare. Kujera ɗaya ce tal a mazaɓa, 'yar'uwa, ba a caca da ita, mutane ba su shirya ba tukuna... Su wa? Wane mutanen?

Sai aka turo ta nan, karkara, cikin gonakin gwozar da ake yin sukari da ita, inda jam'iyyar ba ta taɓa ci ba. Wai ta je ta faɗi da kyau, a samu baƙar fuska ɗaya a hoton taro.

Ba ta faɗi ba, shi ne laifin. Ashirin da bakwai cikin ɗari! Manoma da suka fara buɗe mata ƙofa rabi-rabi, ƙarshe har kofi suke zuba mata, saboda ita kaɗai ta san an rufe musu ɗakin haihuwa, mace sai ta yi tafiyar awa guda da naƙuda. Dattijo Lherbier, ɗan takarar wata jam'iyya da ya zo na biyu, ya fi ta da biyu cikin ɗari kacal. Biyu! Shi da ya kama hannunta a kasuwa yana murmushi: "Faransancinki tsaf, madam, a ina kika koya?" A ina? A inda ka koyi naka! Yanzu shi za ta tara wa mutanenta, ta ce ga shi nan, ku zaɓa...

In kuwa ta tsaya? Ƙuri'a ta rabu biyu, wancan ɗan takarar da ya zo na ɗaya ya wuce — shi da ke cewa irinsu Faransawan takarda ne, a sake duba takardun. Ga babanta. Shekara talatin da huɗu yana sauke kaya a tashar jirgin ruwa tun da ya baro tsibiran Komoro, bayansa ya lanƙwashe, har yau katin ɗan ƙasa a aljihun gaba yake kwana, ko gidan burodi zai je. Jiya a waya: "Ke, uwata, ni ban san lissafinku ba. Kada dai mutumin nan ya shiga da hannunki." Sannan a hankali: "Amma na ga sunanki a talabijin. Sun faɗe shi daidai."

Da rabon kujeru ake yi gwargwadon ƙuri'a, da wa ya isa ya... To, ba haka ake yi ba. A nan ɗaya ke ɗauka duka, sauran su tafa. Kuma a ce kullum ita ce mai hankali, ita ce mai haƙuri, ita za ta ceci ƙasar da ba ta yarda ta ba ta kujera ba?

Mai gadi yana tahowa da makullai, saurayi mai fara'a.

"Madam, in takardar zama ce, ɓangaren baƙi ya tashi tun huɗu. Ki dawo gobe da sassafe, layi na da tsawo."

Ta buɗe baki. Ga sunanta a takarda, ga tambari, ga hotonta a allo can tsallaken titi, bayan kansa kaɗan — juyawa kawai zai yi. Ta ina za ta fara? Da wace murya?

Saura minti huɗu. Janyewar ma ba ta buƙatar ko sa hannu... ta ci gaba da zama kawai. Abin da suke roƙo ke nan tun farko, ashe. Wato ta zauna kawai.

Tana nan zaune, takardun a cinyarta, har shida ta buga.