Lanƙwasar Sandar Dod

Struan Melville ba mugun mutum ba ne, wannan kowa a garin Inverkell zai shaida. Ciwonsa ɗaya ne: ba ya iya ganin abu a karkace ya wuce. Hoton bango a gidan mutane sai ya miƙe ya daidaita shi ana tsakiyar gaisuwa. Wanda ya shigo shagonsa sayen ƙwallo kuwa, ba zai fita ba sai an gyara masa tsayuwa, an juya masa kafaɗa, an gaya masa yana ɗaga kai da wuri. Shagon kayan golf ne ɗan ƙarami, gadon ubansa, a bakin titin da ya gangara zuwa filin wasa. Tun da manyan kantunan birni suka kwashe masu sayen sababbin sanduna, abin da ya rage masa shi ne teburin gyara da ke ƙurya da kuma bakinsa, kuma da su biyun yake taƙama.

Ranar Alhamis Dod Bisset ya shigo, tsohon masunci da ya doshi tamanin, abokin marigayi uban Struan. Ya ajiye sandar turi a kan tebur, wato wadda ake lallaɓa ƙwallo da ita ta faɗa rami. An rufe bakinta da wata tsohuwar safar ulu saƙar hannu.

"Mariƙin kawai za ka sake mini, yaro. Robar ta sulɓe, in an yi yayyafi zame mini take yi."

"Baba Dod, wannan sandar ai ta girmi cocin garin nan. Ga sababbi can a taga, ka taɓa ɗaya ka ji."

"Ni ma na girme ka, an jefar da ni? Mariƙi na ce."

Duk garin an san abin da ya sa tsohon yake lallaɓa kayansa. Ranar Asabar za a buga wasan ƙarshe na kofin dattawa. Tun yana saurayi Dod yake cikin kulob ɗin, amma sunansa bai taɓa hawa allon katakon da ke zauren kulob ba, inda ake rubuta waɗanda suka ci da ruwan zinariya. Bana ya kai ƙarshe, zai kara da Lachie Rennie, tsohon ma'aikacin gidan waya. Rami-rami ake ƙirgawa, wanda ya zura ƙwallonsa da bugu mafi ƙaranci shi ya ci ramin. Kuma likita ya riga ya gaya masa gwiwarsa ba za ta ƙara zagaya rami goma sha takwas baɗi ba. In bai ci bana ba, shi ke nan.

Da Struan ya ɗaure sandar a teburin gyara ya yanke tsohuwar robar, sai idonsa ya kai kan ƙarfen. Can ƙasa, dab da bakin, akwai 'yar lanƙwasa. Ba kowa zai gan ta ba, amma shi ta tsone masa ido. Ya sa sabuwar roba, ya goge hannu, ya je ya dafa shayi, ya dawo, tana nan tana kallonsa. Haba, a ce mutum zai shiga wasan rayuwarsa da karkatacciyar sanda, kuma daga shagon Melville ta fito? Ya danna ta a hankali, ya duba, ya ƙara dannawa, har ta miƙe sak. Ya mayar da safar ya ajiye. Bai gaya wa Dod ba da ya zo karɓa, don yana so sai an ɗaga kofi tukuna ya ce, ai da hannuna a ciki.

Asabar ranar ciniki ce, ba a rufe shago. Da hantsi matarsa Ishbel ta kawo masa shayi da burodi mai soyayyen ƙwai, ta tarar yana ta leƙen taga yana murmushi shi kaɗai.

"Kai kuma lafiya? Ko an ce maka kai za a ba kofin?"

"Kusan haka. Sandar turin Baba Dod a lanƙwashe take, shi bai ma sani ba. Na miƙe masa ita."

Ishbel ta dire kofin shayin har ya fantsama a kan safofin hannu na sayarwa.

"Ka yi me?"

"Na miƙe..."

"Na shiga uku da karambaninka, Struan! Effie ce ta lanƙwasa sandar nan!"

Effie matar Dod ce, ta rasu hunturu biyu da suka wuce. Ishbel ta zayyana masa abin da duk matan garin suka sani, shi gwanin golf bai sani ba. Tun suna da ƙuruciya Effie ta rufe but ɗin mota a kan sandar. Dod ya yi ta faɗa kamar zai ari baki, washegari ya fita da ita a haka, ya ga duk ƙwallon da ya tura sai cikin rami. Tun daga ranar bai yarda kowa ya taɓa wurin ba. Cewa yake yi Effie ce ke nuna masa hanya.

"Kana zaton ubanka makaho ne? Sau nawa ya sake wa sandar nan mariƙi bai taɓa ƙarfen ba?"

 Sana'arsa ce, nan take Struan ya gane sauran. Lanƙwasar tana karkatar da ƙwallo dama, don haka shekara da shekaru hannun Dod ya saba nufin hagu kaɗan ba tare da ya yi tunani ba. Yanzu da sandar ta miƙe, inda ya nufa nan za ta je, wato gefen hagu na ramin. Kuma Dod ba ya gwajin turi kafin wasa, cewa yake yi masu kyau ƙidayayyu ne, ba a ɓarnar da su a banza. Ga shi tun da safe suka fara.

Zama ya gagari Struan. Ya jera ƙwallaye ya rushe, ya sake jerawa. Ya fita ƙofa ya kalli tutocin fili suna kaɗawa a iskar teku, ya dawo, ya sake fita. Wasu baƙi suka shigo, ɗaya ya ɗauki sanda yana lilo da ita a gabansa da tsayuwa irin ta mai sharar tsakar gida, Struan bai ce masa uffan ba, abin da bai taɓa faruwa ba a shagon. Sai ga mai gyaran ciyawar fili ya leƙo neman ashana.

"Yaya ake ciki can?" in ji Struan.

"Kai dai bari. Lachie na gaba da rami uku. Tsohon yana kai ƙwallo kusa lafiya lau, amma da ya zo turi sai ta bi ta hagu. Kamar an yi masa baki."

Struan ya fizgi rigar ruwansa. Ishbel ta tare ƙofa.

"Ina za ka?"

"Kallo kawai zan yi."

"To ka ji ni da kyau. Hannu a aljihu, baki a rufe. Ka san doka, ka kuma san Dod. Ka ɓata ɗaya, kar ka ƙara na biyu."

Ya san doka sarai. Ana cikin wasa ba a ba ɗan wasa shawara, shi ma ba ya nema. Dod kuwa mutum ne da ya taɓa cin kansa tara saboda ƙwallonsa ta motsa a cikin ciyawa, alhali daga shi sai tsuntsayen teku a wurin.

Ya cim musu a rami na goma sha ɗaya, 'yan kallo kamar ashirin suna biye cikin yayyafi. Dod na ɗingishi yana jan keken sandunansa, Lachie na gefensa yana tsokanarsa.

"Dod, ko in ara maka tabarauna? Ramin na nan dama da kai, tun ɗazu yake jiranka."

"Ka riƙe abinka. Da shi ka yi shekara talatin kana kai wa mutane wasiƙun maƙwabtansu."

Aka yi dariya, ban da Struan. Dod ya hango shi cikin mutane, ya dube shi ɗan lokaci, ya kau da kai. Ko ya gane ne? Ko kallon banza ne? Struan ya cusa hannu a aljihu ya damƙe makullin shago har ya yi masa shaida a tafin hannu.

A ramin nan ma ƙwallon ta goga gefen hagu ta wuce, amma da ƙyar. A na gaba Dod ya daɗe a tsaye, ya gyara ƙafa, ya tura, ta faɗa. 'Yan kallo suka tafa. Ya sake cin wani, suka yi canjaras a biyu, ya kuma cin na goma sha shida. Tsohon yana koyon sabuwar sanda a tsakiyar wasa, da kansa, ba wanda ya ce masa kanzil. Mai hankali da ya ga haka sai ya koma shagonsa ya sayar da safar hannu. Struan bai koma ba. Yana bin su daga wannan tudu zuwa wancan, leɓensa na motsi, kafaɗarsa na juyawa tare da kowane bugu, har wata tsohuwa ta tambaye shi ko fitsari yake ji.

Suka iso rami na ƙarshe kunnen doki. Mutanen da ke zauren kulob suka fito baranda da kofunansu a hannu. Lachie ya gama nasa da bugu biyar. Ƙwallon Dod na kwance taku biyu daga ramin, in ta shiga ya yi huɗu, kofi nasa ne. Aka yi tsit, sai ƙarar igiyar tuta tana dukan ƙarfe.

Dod ya cire safar ulu ya sa a aljihun ƙirji. Ya sunkuya a kan ƙwallon. Struan na tsaye a bayansa daidai, inda ake ganin layi, sai ya ga bakin sandar na kallon hagu. Hagu ƙarara, irin ta da. Tsohon ya manta! Struan ya ciji leɓe, ya tuna Ishbel, ya tuna doka. Amma hali zanen dutse ne.

"Dama, Baba Dod! Nufi dama, na miƙe sandar!"

Maganar ta fita, kowa ya ji, har na baranda.  Dod ya miƙe a hankali, ya dafa gwiwa, ya sunkuya ya ɗauke ƙwallonsa. Ya cire hula ya nufi Lachie da hannu a miƙe.

"Ramin naka ne, Lachie. Na sallama."

"Kai, Dod, ka haukace? Ba kai ka tambaya ba! Doka ba ta kama ka ba, kowa shaida ne. Mayar da ƙwallonka ka buga, don Allah."

"Ban tambaya ba, amma na ji. In ta shiga, wa ya tura ta, ni ko shi? Ba zan hau allon can da bakin wani ba."

"Ni kuma ba na son kofi irin wannan!"

"Abin da aka sallama ba a mayarwa, ka fi ni sani. Kawo hannu, ruwa na dukan kaina."

Lachie ya cire hularsa ya ba shi hannu, idonsa ya kaɗa ya yi ja. Ba wanda ya tafa. Struan ya so ƙasa ta tsage ya shige. Ga mutane sun dare sun bar shi tsaye shi kaɗai, ga Dod na ɗingisowa wurinsa.

"Baba Dod, na ga ka nufi hagu ne, na zaci..."

"Gangare ne a wurin, yaro. Daga hagu take zubowa. Na san shi tun ubanka bai fara aske gemu ba."

"Ka yafe mini. Gyara na so in yi."

"Na sani. Tun a ramin farko na san abin da ka yi. Ina ɗora hannu na ji ba ta nan."

Bai ce sandar ba, kuma Struan ya gane Effie yake nufi.

"Zan mayar maka da ita yadda take, wallahi. Ka ba ni zuwa Litinin, zan lanƙwasa ta daidai wurin."

Dod ya girgiza kai. Ba faɗa a muryarsa, da ma ya yi faɗan da ya fi sauƙi.

"Kai za ka lanƙwasa, ba ita ba."

Ya miƙa wa Struan sandar, ya kama hannunsa ya damƙa masa sabon mariƙin.

"Aikinka ya yi kyau, miƙaƙƙiya ce sak. Sa ta a taga, za ka sami mai saye."

Safar ulun nan, saƙar Effie, ita ce kawai bai bayar ba. Ya taɓa aljihun ƙirjinsa ya tabbatar tana nan, ya ja kekensa ya bi hanyar gida, bai ko kalli ƙofar zauren kulob ba.