Rabin Ƙwayar da Nake Ba Auta

Ni mai gyaran wuta ne, kuma abin da sana'ata ta koya mini shi ne, in waya ta yi zafi a rage mata lodi. Da wannan ilimin na kusa halaka 'yata.

Auta tana shekara goma sha uku aka ce tana da sankarar jini. Likita ya ɗora ta a kan wata ƙwaya, guda ɗaya kullum. Cikin wata shida kumatunta suka dawo, har ta koma tsokanata da cewa sanƙona ya fi kwan fitila haske. Sai dai duk safiya in ta sha, amai take yi, ta fito banɗaki tana dafa bango. Ni ke ba ta maganin kafin in tafi aiki. Wata rana na ɗauki reza na raba ƙwayar biyu a kan murfin akwatin kayan aikina. Aman ya tsaya. Ban gaya wa kowa ba, har mamanta.

Bayan wata uku gwajin jini ya nuna cutar tana ɗagowa. Likita ya ce wataƙila maganin ya daina ci, kuma in haka ne sai dashen ɓargo. Ya tura mu hawa na uku na asibitin, wajen wata mai bincike da ake kira Farfesa, don ta sake ɗibar jinin ta gano dalili.

Ɗakinta ƙarami ne, firji biyu suna gurnani, kwalabe ƙanana jere a kan kanta, kowace da lamba. Ita kuwa gajeriya ce, da furfura a goshi, aljihun farar rigarta duk tabon biro. Ta ba Auta kujera mai juyawa, ta tambaye ni aikina. Da na faɗa mata sai ta ce to ni zan fi kowa ganewa.

Ta zana da'ira a takarda. Ta ce ƙwayoyin jini saƙo suke aika wa juna, wannan ya ce a ƙaru, wancan ya ce ya isa. A jikin Auta akwai makunni ɗaya da ya maƙale a kunne, yana ta cewa a ƙaru. Shekararta goma sha tara tana nazarin wannan makunnin, kuma binciken irin nasu ne ya kai ga ƙwayar da ke danne shi. Abin da ya ɗaure mata kai, a gwajin baya ba ta ga alamar makunnin ya canza siffa ba, to me ya sa ƙwayar ta sake shi?

Na san abin da makunni yake yi in an danna shi rabi: tartsatsi yake, ya ƙona soket.

"Farfesa," na ce, "in rabi ake sha fa?"

Ta ajiye biron. Na zaci faɗa za ta yi, na ma fi son ta yi. Sai ta tambayi tun yaushe, da kuma dalili. Na ba ta labarin aman da bangon, ina kallon takalmana.

"Baban Auta, wannan ne labari mafi daɗi da na ji a makon nan," ta ce. "Ƙwayar ba ta gaza ba ke nan. Amma rezar nan, a bar ta wa wayoyi."

Ta kira likita a waya, suka shirya a koma cikakkiyar ƙwaya, a sha bayan an ci abinci sosai, da maganin tashin zuciya, a sake gwaji bayan wata ɗaya kafin a yi zancen dashe.

A kan matakala na tsaya, na ce wa Auta ta yafe mini. Ta ce ai tun ranar farko ta gani, wai rabin ma a karkace nake yankawa, kuma ta yi shiru ne don ta ga na daina tsayuwa a ƙofar banɗaki ina share ido.

Yanzu mamanta ke ba ta, ni kuma ina riƙe da kofin ruwa. Ranar Talata aka ɗebi jinin. Jiya Farfesa ta kira da kanta, ta ce adadin miyagun ƙwayoyin jinin ya fara sauka, in ba Auta wayar.