Allin Tela a Bakin Taya

Shekara uku Malam ya yi yana ɗawainiya da wata tsohuwar motar tsere mai ƙofa biyu, tun daga ranar da ya ajiye aikin koyarwa. Ya sayo ta duk tsatsa, ya tayar da injin, ya sa aka yi mata jan fenti mai sheƙin da mutum zai iya duba haƙoransa a jiki. Abu ɗaya ya gagare shi: matarsa ba ta taɓa shiga motar nan ba, ko da wasa.

Ita tela ce, shagonta yana manne da garejin gidan. Duk sanda ya yi mata tayi sai ta leƙo ta saman tabarau ta ce, "Ni in shiga wannan kwanon? In zauna dab da ƙasa kamar mai wanki, sannan a nemo mutum biyu su ɗago ni?"

Yakan yi dariya, amma abin yana ci masa rai. Don ita ya gyara kujerar gefen direba. Wata rana da ta fita unguwa ya saci tef ɗinta ya auna kujerar keken ɗinkinta, tsayi da faɗi da taurin katifa, ya kai wa mai kujeru. Bai taɓa gaya mata ba.

Saura tayoyi, kuma a nan ne Malam ya nuna halinsa na mai kafiya. Ya ga rim, ƙarfen da ake ɗaura taya a kai, mai inci goma sha tara, da taya mai faɗi kamar faranti, ya ce shi ko su ko babu. Dogo mai taya, wanda ya ƙwanƙwance a sana'ar, ya ce, "Baba, da sha bakwai aka ƙero ta. Sha takwas ma za ta ɗauka lafiya. Amma sha tara, ina tsoron kada taya ta riƙa gogar fenda."

"Kawo dai mu gani," in ji Malam.

Ranar Asabar da hantsi Dogo ya zo da nau'i biyu a bayan motarsa, sha tara da sha takwas. Ya ɗaura manyan, ya sauke jak, ya zura yatsu tsakanin taya da bakin fenda, ƙarfen nan da ke lulluɓe samanta. Yatsa biyu suka shiga. "To, Baba, ka ci nasara. Akwai wuri."

Malam baki har kunne. Yana cikin zagaya motar yana tafa hannu sai ga matarsa ta fito, tef a wuya, allin awo a hannu, ta zo ganin me ake wa ihu.

"Wa ya auna?"

"Ni ne, Mama," in ji Dogo.

"Haka kuke awo ku? Mota a tsaye, babu kowa a ciki?" Ta girgiza kai. "Ni in na ɗinka wa mutum wando, ba ya barin shagona sai ya zauna, ya tsuguna, ya ɗaga ƙafa. A tsaye ai kowane wando daidai yake."

Dogo ya sosa ƙeya. Ita kuwa ta tattare zane ta durƙusa, ta bi gefen tayoyin nan huɗu ta shafe su da alli fari fat. Ta ce wa mijinta ya karya sitiyari har ƙarshe, ya hau tudun da ke bakin ƙofar gida, ya dawo. In taya ta taɓa ƙarfe, allin zai tona.

Malam ya je ya dawo. Alli yana nan yadda yake. "Kin gani?"

"Na ga mutum ɗaya a mota mai kujera biyu."

Dogo ya ce bari shi ya shiga. Ta dube shi sama da ƙasa. "Kai? Kai da iska ke neman ɗauka? Matsa." Ta miƙa masa tabarau, ta buɗe ƙofa, ta zauna.

Shekara uku Malam yana jiran wannan zama, ga shi ya zo masa a matsayin awo. Ya tayar da mota, ya karya sitiyari, ya nufi tudun a hankali. Tayar gaba ta hau, motar ta ɗan duƙa, sai ƙiiit, wata 'yar ƙara daga gefenta.

Suka fito su uku suka sunkuya. Allin ya goge a kafaɗar tayar dama, ga kuma farin layi a cikin bakin fenda, saura ƙiris ya kai ga fenti.

"Hanya biyu ce, Baba," in ji Dogo. "Ko a nannaɗe bakin fenda da guduma, fenti ya tsage, ko a koma ƙanana." Ya murmusa. "Ko kuma ka riƙa hawa kai kaɗai. Ai ka gani, kai ɗaya ba ta goga."

Matar ta karkaɗe hannunta ta ce, "To shi ke nan ma. Ka bar manyanka, dama ni ba shiga nake ba."

Malam bai ko kalli rim ɗin da ya yi wata biyu yana mafarkinsu ba. "Cire su, Dogo."

"Baba, sha taran fa?"

"Na ce cire su. Ba don in zauna ni kaɗai na gyara ta ba."

Matar ta tsaya tana juya alli a hannu har Dogo ya gama ɗaura sha takwas, da taya wadda faɗinta bai kai na farko ba. Wannan karon ba wanda ya ce ta shafa, ba kuma wanda ya ce ta shiga: da kanta ta shafa allin, ta shige motar.

Suka hau tudun, hagu da dama, gaba da baya. Shiru. Dogo ya bi tayoyin da ido ya ɗaga babban yatsa: alli bai motsa ba. Malam ya kai hannu zai kashe mota.

"Wa ya ce an gama?" in ji ta. "Tudu ɗaya ne a duniya? Mu hau titi."

Farin ciki ya cika Malam har ya manta da sigina. Suka bar Dogo tsaye da jak da tabarau a hannu. Sun wuce shataletale na biyu, iska tana kaɗa mata ɗankwali, sai ta gyara zama, ta shafa gefen kujerar, ta sake jingina.

"Wannan kujerar, wa ya auna ta? Kamar ta shagona."

"Ita ce," in ji Malam, idonsa a kan hanya. "Da tef ɗinki ma."

Suka wuce gidan mai. Sannan ta ɗora hannunta mai alli a kan hannunsa da ke riƙe da giyar motar, ta bar masa farin tambarin yatsu huɗu.

"Ɗan ƙara wuta mana," ta ce. "Ko duk jan fentin nan na ado ne?"