Kumatun Shekara

Shekara ta dawo daga Kano da hantsi, bayan ta yi wata biyu da ɗoriya tana wa ƴarta Jannatu zaman jego. Yayarta Habsatu tana bakin murhu tana tuyar ƙuli-ƙuli aka leƙo aka ce mata ga ƙanwarta can ta sauka daga kabu-kabu da kaya niƙi-niƙi. Ta sauke kasko, ta goge hannu, ta yafa mayafi ta fita. Katanga ɗaya ce ta raba gidajensu, kuma tun da mijin Shekara ya rasu ba a yini ɗayarsu ba ta leƙa ɗaya ba.

Ta tarar matan unguwa sun riga ta cika tsakar gidan. Sadiyya mai saida waina ce ta fi kowa ɗaga murya.

"Kai, Shekara! Lalle Kano ta karɓe ki. Ku dube ta don Allah, kamar wata amarya!"

Habsatu ta kutsa tsakaninsu tana dariya, ta buɗe baki za ta yi sannu da zuwa, sai ta tsaya tana kallon fuskar. Ƙanwarta ce, babu shakka. Muryar tata ce, wushiryar tata ce. Amma kumatun nan da suka zurma tun da aka cire mata haƙoran ciki sun ciko sun yi tantsan. Layukan nan biyu da suka sauko daga gefen hancinta zuwa baki sun shafe, kamar an bi su da dutsen guga. Habsatu ta sauke ido zuwa wuyanta, ta ga jijiyoyi a tsaye yadda ta san su. Ta dubi hannuwan da ke kwance ƙullin tsaraba, ta ga awarwaron yana yawo kamar da. Ita dai a iya saninta ƙiba ba ta zaɓar fuska ta bar sauran jiki.

Sau ɗaya ta taɓa ganin irin wannan. Mahaifiyarsu, a shekararta ta ƙarshe, haka fuskarta ta cika ta yi sumul, mutane suna ta cewa ta yi kyau. Daga baya ƙafafu suka biyo, aka ce ƙoda ce, ba ta ga girbin shekarar ba.

Da mata suka watse, Habsatu ta jawo tabarma kusa.

"Shekara, lafiyarki kuwa?"

"Lafiya lau, Yaya. Gajiyar mota ce kawai. Mun daɗe a kan iyaka, a Ɗan Barto."

"Ba gajiya nake tambaya ba. Can Kano ba ki kwanta ba? Ba su kai ki likita ba?"

Shekara ta ja bakin mayafinta ta kare rabin fuska, ta ce, "Wace likita kuma? Ga turarenki nan, Jannatu ta ce a gaishe ki."

Wannan jan mayafin shi ya ƙarasa tayar wa Habsatu hankali. Mutum ba ya ɓoye abin da bai san da shi ba.

Washegari ta kwaɓa lalle ta kai, ta ce ƙafafun Shekara sun yi fari, ta miƙo a sa mata. Tana shafawa tana danna babban yatsa a idon sawun, tana jira ta ga ko wurin zai lotsa kamar yadda na mahaifiyarsu yake yi. Bai lotsa ba. Ta danna ɗaya ƙafar, nan ma haka. Maimakon ta ji sanyi sai kanta ya ƙara kullewa. Ciwon bai sauko ba ne tukuna, ko kuwa wani ne daban da ba ta san shi ba?

Ta shiga aika mata miya ba gishiri, don ta tuna haka aka sa su yi wa tsohuwar. Shekara ta ci rana ɗaya, ta ci ta biyu, a ta uku ta leƙo ta kan katanga ta ce, "Yaya, gishiri ne ya ƙare miki in ba ki?" Habsatu ta ce mantuwa ce. Ranar kasuwa kuwa da ta ga wani ɗan garin Tsauni da ta sani, sai ta ba shi saƙo wurin ƙanensu Hashimu, wanda ke noman rake a can. Ta ce a gaya masa Shekara ta dawo, amma jikin sai addu'a, in ya samu hali ya leƙo.

Abin da ya rage shi ne yadda za ta kai ta gaban Majo Ɗahiru, shugaban ƙaramar likitar unguwarsu. Ta san in ta fito fili Shekara ba za ta je ba. Don haka wata safiya ta ɗaure kai da ɗankwali tamau, ta ce jiri take ji, a raka ta a auna mata tansiyo, ko jininta ya hau.

Majo ya naɗa mata abin awo a dantse, ya matsa, ya saurara, ya ce jininta daidai yake. Habsatu ta yi ta yi masa ishara da ido wajen Shekara, har dai ta gaji ta ce, "Majo, tun da mun zo, ita ma a duba ta mana."

"Ni me na yi?" in ji Shekara.

"Ke dai miƙa hannu."

Ya auna, ya ce ita ma lafiya. Ya duba idanunta da ƙafafunta. Habsatu ta kasa haƙuri.

"Fuskar fa, Majo? Ba ka ga fuskar ba? Uwarmu haka ta fara. Don girman Allah in ƙoda ce ka gaya mini, ni ce babba."

Shekara ta juyo ta dube ta baki buɗe. Majo ya gyara tabarau, ya nemi izini, ya ɗan taɓa kuncin da yatsa biyu, dama da hagu. Ya koma kujerarsa.

"Inna, a Kano an yi miki allura a fuska?"

Shekara ta sunkuyar da kai tana murza bakin zane. Can ta ce, "An yi."

"Likita ne ya yi, ko a shagon kwalliya?"

"Likita ce, mace. Ƙawar Jannatu ce, a asibitinsu aka yi."

"To da sauƙi," in ji Majo. Ya juya wajen Habsatu. "Inna, ba ƙoda ba ce. Wani ruwa ne mai kauri ake ɗurawa ƙarƙashin fata da allura, ya cike inda ya zurma, ya miƙar da inda ya tattare. Ba ya zama har abada. Jiki yana shanye shi a hankali, wani wata shida, wani ya kai shekara ko ya wuce. In dai ba ta jin zafi, fatar kuma ba ta sake launi ba, ku bar shi, zai sauka da kansa."

Habsatu ta saurara har ya gama. Ta ce, "To maganin wane ciwo ne?"

"Ba na ciwo ba ne."

"Allura ce fa ka ce."

"Allura ce."

"Riga-kafi ke nan?"

"A'a, Inna. Gyara ne kawai. Don fuska ta koma kamar ta da."

Ta dubi Majo, ta dubi ƙanwarta. Ita a rayuwarta allura uku ta sani: ta zazzaɓi, ta riga-kafin yara, da wadda ake yi wa mai naƙuda. Duk cikinsu babu wadda mutum ke zuwa nema da ƙafarsa yana lafiya. Ta yi godiya ta miƙe, ta manta ma da cewa jiri ta zo da shi.

Suka kamo hanya har suka wuce injin niƙa. Habsatu tana son ta yi faɗa, tana son ta yi hamdala, ta rasa wanda za ta fara. Shekara ce ta soma.

"Jannatu ce ta matsa, Yaya. Ana saura kwanaki suna ta ɗauke ni hoto da jaririn a salula, ta nuna mini. Wallahi na ɗauka wata tsohuwa ce a dangin mijinta. Na ce wace ce wannan, suka yi ta dariya, ni kuwa na shiga ɗaki. Sai ta ce akwai abin da ake yi, ba ya daɗewa, ba zafi sosai."

"Kika yarda."

"Na yarda. Da aka gama aka ba ni madubi, ita ma waccan ban san ta ba. Kowa yana cewa na yi kyau, ni kuma in na yi alwala na shafa fuskata sai in ji kamar ta wata nake wankewa."

"To me ya hana ki gaya mini? Kin bar ni ina ta kwana da mutuwarki a rai."

"Da wane baki? In ce miki da jikokina na je an cika mini kumatu?"

Suna shan kwanar gida suka hango amalanken shanu a ƙofar Shekara, an jingine ɗaurin rake a jikin katanga. Habsatu ta gane ko na wa ne. Ta manta sarai da saƙon da ta aika Tsauni.

Hashimu yana zaune a zaure da matarsa Baiwa, ga kaji biyu a ɗaure, ga gorar rubutu da ya karɓo wurin malamin garinsu. Yana ɗaga ido ya ga fuskar Shekara sai ya cire hula ya dafe kai.

"Inna lillahi. Irin na Innarmu ne sak."

Baiwa ta fara share hawaye. Shekara ta damƙi hannun yayarta ta bayan mayafi ta matse, Habsatu ta gane roƙon. Ta tsaya tsakanin ƙanenta da ke shirin kuka da ƙanwarta da ke shirin nutsewa ƙasa don kunya. Ƙarya ba ta iya ta ba, gaskiyar kuma ko ita ba ta gama fahimtarta ba balle ta yi wa wani bayani.

"Daga likita muke," ta ce. "Majo ya duba ta. Ya ce ba ƙoda ba ce."

"To mene ne, Yaya?"

"Ruwa ne a ƙarƙashin fata. Ya ce zai sauka da kansa."

"Ba magani?"

"Ya ce a bar shi kawai."

Hashimu ya ɗaga hannu sama ya yi ta godiya ga Allah. Duk da haka ya sa Shekara ta sha rubutun a gabansa, ta kuwa shanye. Aka yanka kaza ɗaya aka yi mata romon marar lafiya, Baiwa ta hana ta ko ɗaga tsintsiya.

Kafin la'asar labari ya zaga unguwa. Matan da suka yi mata barka da ƙiba su ne suka dawo da kwanonin kunu suna sannu da jiki. Sadiyya ta ce ita dama tun ranar farko ta ga cikar nan ba ta lafiya ba ce, ta dai yi shiru ne. Shekara tana kan tabarma tana amsa gaisuwa, "Da sauƙi, da sauƙi," tana satar kallon yayarta. Habsatu tana karɓar kwanoni tana godiya. Wani lokaci sai ta tsinci kanta tana gyara wa Shekara matashi da gaske, sannan ta tuna lafiyarta ƙalau.

Damina ta zo ta wuce, aka cire gyaɗa, maza suka fara ɗaure kaya suna tafiya cin rani. A hankali kumatun suka soma sauka. Layukan gefen hanci suka dawo, da fari kamar inuwa, daga baya sosai. Hashimu ya zo kasuwa ya biyo, ya dube ta ya yi murna, ya ce yanzu ya ga ƴar'uwarsa, Allah ya ƙara sauƙi. A yinin nan kuma wata ƴar garin Kurni da rabonta da Shekara tun makon da ta dawo ta tare ta a bakin famfo, ta ce, "Subhanallahi, me ya same ki kika zube haka? Kwanciya kika yi?"

Da yamma Shekara ta shigo gidan Habsatu ta zauna a kan turmi, salula a hannu.

"Jannatu ta kira. Ta ce lokacin sakewa ya yi, in zo."

"Kika ce me?"

"Na ce zan yi shawara da ke. Yaya, ke kin san ni tun ina goye. Wacce fuskar ce ta fi?"

Habsatu ta ajiye tsintar wake ta dube ta da kyau. Wannan fuskar ita ta sani, ita ce ta zauna da ita zaman takaba. Amma ta lura, ko da ba ta taɓa faɗa ba, a watannin nan Shekara ta koma zuwa biki da suna, abin da ta daina tun rasuwar mijinta. Ko kumatun ne suka fitar da ita, ko yawan masu zuwa gaishe ta ne, Habsatu ba ta iya rabewa ba.

"Ban sani ba," ta ce. "Wallahi ban sani ba."

"To in je ko in bari?"

Kaza ta zo ta fara tsattsagar waken, Habsatu ba ta kore ta ba.

"In za ki, tare za mu," ta ce. "Ina son in ga matar nan da idona, in ga allurar."

"Hana ni za ki je yi?"

"Sai mun je tukuna."

Ranar Asabar da safe suka kama motar Kano a tasha, Habsatu ta bakin taga da ƙullin ƙuli-ƙulin Jannatu a cinya. Har suka wuce Ɗan Barto tana jera tambayoyin da za ta yi wa likitar a ranta, ta tsara su ta rushe, ba ta tsayar da ta farko ba.