Minti Ashirin da Uku

Dabo ya riga ya ɗora yatsa zai goge tsohuwar manhajar, sai idonsa ya faɗa kan sunan marigayiya matarsa, Zuwaira, hannun ya tsaya cak.

Gyaran waya yake yi a kasuwar Illela, kuma irin mutanen nan ne da ba sa iya ganin tsohuwar kwamfuta a yashe su wuce. Ya tsinto wata, ya ɓoye ta bayan talabijin, ya loda mata wa'azi da fina-finai da bidiyon bukukuwan dangi, kowa a gidan yana kallo daga wayarsa da sunansa. Aibinta ɗaya: manhajar ba ta buɗewa sai ta gaisa da kamfaninta ta intanet. Ranar da sabis ya ɗauke, kayanka a ɗakinka, amma sai dai ka kalli bango. Sabuwar da ya samo ba ruwanta da sabis, sai dai ba ta san inda kowa ya tsaya ba. Kowa daga farko zai fara.

Saboda wannan ya yi wata uku yana ɗaga aikin. Lokacin da aka rufe boda, ƙanen Zuwaira ya yi aure a Ƙonni, tsallaken iyaka, ita kuwa tana kwance ba lafiya. Wani ɗan kabu-kabu ya biyo ta daji ya kawo mata bidiyon bikin a memori. Tana cikin kallo ciwon ya tashi, aka wuce da ita Sakkwato, ba ta dawo ba. Shekara biyu ke nan jan layin da ke ƙarƙashin bidiyon yana tsaye a minti ashirin da uku. Dabo bai taɓa kunna shi ba. Yakan dai leƙa bayan la'asar, kamar mai leƙa ɗaki ya ga ko mai barci ya motsa.

Yau layin yana minti ashirin da shida.

Rana tsaka, ana jin masu albasa suna lodi a bakin titi, amma tsoro ya kama shi sosai. Ya karanta abin da ya zo bakinsa, ya sake dubawa. Ashirin da shida.

"Ummi," ya kira 'yarsa.

Ta shigo tana goge hannu da zane. Da ta ga abin da ke kan talabijin sai ta sunkuyar da kai.

"Ni ce, Baba. Wayar Inna na caza jiya. Na ji ka ce yau za ka canza, na ce in ga inda tat tsaya kafin shi ɓace."

"Mi ya kai ki? Wanga kaɗai yar rage min wanda hannunta ya taɓa."

"Ka yi haƙuri. Amma Baba, ka kalla."

Ta karɓi rimot ta mayar da shi ashirin da uku. Mata ne cike da tsakar gida ana rabon goro, hoton yana rawa. Bai fi minti ɗaya ba mai ɗauka ya juya kan wata tsohuwa a kan tabarma, mahaifiyar Zuwaira. Ta matso da fuska har ta cika allon.

"Tana gani na? Zuwaira, sannu da jiki. Na aje miki ankonki. In anka buɗe hanya ki taho, muna jiran ki."

Dabo ya zauna a ƙasa. Shekara biyu yana gadin wurin nan kamar kabari, ashe abin da yake gadi shi ne minti ɗayan da ya raba ta da muryar uwarta. Ya yi kuka, Ummi ba ta hana shi ba.

Da aka yi la'asar ya dawo ya goge tsohuwar manhajar, ya ɗora sabuwar. Manhajar ta tambayi sunayen mutanen gida. Ya rubuta nasa, ya rubuta na Ummi, ya ɗan jima, sannan ya rubuta Zuwaira.

"Zamna," ya ce. "Da sunanta za mu kunna."

"Daga ina, Baba?"

"Daga farko. Kuma kowa yaz zo, ki ce ba ni nan sai an ƙare."