Kazar da Lailatu ta ƙi karɓa

Ran da labarin ya iso mini ina zaune a zaure ina ɓarar wake. Ɗana Zakiru ya shigo da waya a hannu, ya tsuguna gabana, ya ce Lailatu ta rasu a Maraɗi wajen haihuwa. Na ce Allah ya jiƙanta, na ci gaba da ɓarar waken, don hannuna bai san abin da zai yi ba in ya tsaya. Sai da kaji suka taru a ƙafata kuka ya zo.

Lailatu ɗiyar ƙanwata ce. Ta yi lakwal, karatun boko mai zurfi, ta dawo Dakoro tana aikin abinci a gidan likita, sashen yara masu tamowa. Ni ban yi karatu ba sai yaƙi da jahilci, amma ina so in rubuta abu guda da ya faru tsakaninmu, don ko yanzu in na tuna shi dariya nake yi.

Shekara biyar ke nan, aka kawo mini jikata Dela yaye, kamar yadda ake yi. Uwarta na Kornaka da sabon ciki. Na ba ta koko, na ba ta fura, na ba ta tuwo, duk abin da na yaye ubanta da shi. Amma yarinya sai ramewa take, gashinta ya yi ja, ta daina wasa. Tsoro ya kama ni, kunya ma ta kama ni. Ɗiyar mutane a hannuna, in ta mutu me zan ce wa uwarta?

Na goya ta zuwa gidan likita. Na tarar da mata sun yi layi, na wuce su kai tsaye, tunda mai wurin ɗiyata ce. Lailatu ta taso ta gaishe ni har ƙasa, ta leƙa idon Dela, ta taɓa ƙafarta, sannan ta ce, “Inna, ga tabarma can. Mutum bakwai ne gabanki.”

“Ni da na goya ki?”

“Ke da kika goya ni. Wadda ke gaba tun daga Mai Yara ta taso da ƙafa.”

Na zauna ina kumbura. Da layi ya zo kaina ta ɗaura wa Dela ɗan ma'auni mai launi uku a dantse, ya tsaya kan ja, alamar tamowa. Ba ta yi mini faɗa ba. Ta tambaye ni me yarinya ke ci tun safe har dare, ta saurara. Na ce ta ba mu maganin tari ma, ta ce wannan ba aikinta ba ne, ta raka mu ɗakin likita da kanta. Sannan ta ba ni ƙunshin abincin tamowa, ta ce na Dela ne ita kaɗai, magani ne, kada in ɗanɗana wa ’ya’yan maƙwabta.

Na roƙe ta kada ta faɗa wa kowa. Ta ce, “Abin da na gani a ɗakin nan, a nan yake kwana. Amma Zakiru ubanta ne, ki faɗa masa da bakinki.” Na faɗa masa. Uwar Lailatu kuwa, ƙanwata, sai bayan shekara ta ji, daga bakina.

Bayan sati uku ma'auni ya matsa daga ja. Dela ta fara jan ɗankwalina tana dariya. Don murna na kama kazata wake-wake, wadda ta fi kowace ƙwai, na ɗaure mata ƙafa, na kai wa Lailatu gida da la'asar.

Ta dubi kaza, ta dube ni. “Inna, aikinmu ya hana.”

“Ai ba wurin aiki na kawo ba. Uwa ce ta ba ɗiyarta.”

“Da ba ki ba ni ba sai yanzu? In na karɓa, gobe matar da ba ta da kaza za ta ji kunyar kawo ɗanta.” Ta shafa bayan kazar. “Tana ƙwai?”

“Kullum.”

“To ga inda za ta yi mini amfani. Ki mai da ita gida, kowace safiya ki dafa wa Dela ƙwai guda.”

Na ja baya. Mu tun kakanni ba mu ba yaro ƙwai, an ce ɓarawo yake zama. Na ce, “So kike ki mai da mini jika ɓarauniya?”

Ta yi dariya har ta dafa bango. “Inna, kin tuna ƙwan zabbinki da ke ɓacewa, kina cewa muzuru ne? Ni ce muzurun. A tukunyar ruwan zafinki nake dafawa.”

“To ai kin ga maganata ta fito.”

“Don kin hana ni na sata. Da kin ba ni, da wa zan yi wa sata? Ga ni yau an ba ni kaza sukutum na ƙi.”

Na ɗauki kazata na koma, tana kuka ina mita. Washegari na dafa ƙwan, na rufe ƙofa don kada a gani, na ba Dela. Ta cinye ta miƙo hannu. Kafin kaka ma'auni ya tsaya kan tsanwa, Lailatu ta ce mun gama, ba ta son sake ganinmu sai a biki.

Dela na aji ɗaya yanzu, a wurina ta zauna, ko allurata ba ta taɓa ɗauka ba. Wake-wake ta tsufa ta mutu, amma jikokinta sun cika gidan. Kowace safiya, bayan na idar da salla, nakan sa hannu cikin akurki in ɗauko ƙwai guda, in dafa, in ɓare mata kafin ta tafi lakwal. Ƙofa a buɗe nake barinta.