Minti Biyar Na Ranar Alhamis

Kowace Alhamis da ƙarfe tara da minti ashirin na dare, jirgin ƙasa yakan tsaya a tashar garin minti biyar. Baban Allura ne ke tuƙa shi. Tun da aka mayar da shi aiki can ƙarshen layi, sai ya yi wata huɗu bai kwana a gida ba. Waɗannan minti biyar ɗin su ne rabon 'yarsa.

Kakarta ce ta sa mata Allura, wai don ba ta da kauri kuma ba a jin motsinta. Shekararta sha biyar. Uwarta ta rasu tana ƙarama, saboda haka su biyu ne a gidan, ita da Kaka, wadda ciwon gwiwa ya zaunar fiye da shekara guda.

Abin da suka saba ba shi da yawa. Allura ta wanke rigar aikinsa, ta goge, ta ninke a leda. Jirgi na tsayawa ya sauko daga kan jirgi, ya miƙo mai datti ya karɓi wankakkiya. Ya tambayi gwiwar Kaka, ya tambayi makaranta, ya dafa kanta. Sai a busa usur. Yana kiran waya, amma a waya Allura ba ta iya cewa komai sai "lafiya lau".

Sai ga sabuwar doka. Bayan wasu faɗace-faɗace na samari, hukumar gari ta manna takarda a bakin kasuwa da ƙofar makaranta: duk wanda bai kai sha takwas ba kada a gan shi a titi daga tara na dare, sai dai tare da uba, ko uwa, ko mai riƙonsa. Alhamis ta farko Allura ta ɗauka dokar ta masu faɗa ce. Ba ta ko kai shagon mai walda ba motar sintiri ta tsaya a gabanta. 'Yan sandan ba su yi mata tsawa ba. Sun rako ta har ƙofa, suka rubuta sunanta, suka ce in aka sake za a aika wa ubanta takarda a wurin aiki. Tana tsaye a tsakar gida da leda a hannu ta ji kukan jirgi yana barin gari.

Matar magini, maƙwabciyarsu, ta ce za ta raka ta, amma da aka tambaya aka ce maƙwabci ba mai riƙo ba ne. Baba kuwa a waya ya ce ta yi haƙuri ta zauna, shi ba ya son abin da zai taɓa ta. Alhamis uku suka wuce haka. Allura takan sauko da rigar ta sake goge ta, ko da ba ta yamutse ba. Idan tara ta gota sai ta tsaya jikin taga, inda ba a hango komai sai bangon makaranta da fitilar titi mai kyaftawa. Tana tara maganganun da za ta faɗa masa: ta zo ta uku a lissafi, rufin ɗaki ya fara yoyo, ta koyi saka maɓalli da kanta.

Kaka na kallonta daga kan gado. Ranar Alhamis ta huɗu ta ce a sake karanto mata abin da takardar ta ce. Allura ta faɗa mata da ka.

"To ni mece ce a gidan nan, tukunyar fure?" in ji Kaka. "Je ki ce wa magini ina aron baronsa."

Allura ta ce ai mutane za su yi dariya. Kaka ta ce su yi, ita haƙoranta sun ƙare balle ta rama. Aka kankare busasshen simintin da ke cikin baron, aka shimfiɗa bargo da matashi biyu. Magini da matarsa suka ɗago tsohuwa suka zaunar, tana ta yi musu faɗa wai sun riƙe ta kamar buhu. Ta ɗora ledar rigar a cinya, ta sa aka ɗaura mata ɗankwalinta mai kyau.

Baro ba ya tafiya yadda mutum yake so. Tayar tana kuka, tana neman kowane rami. Tafiyar da Allura ke yi a minti goma ta zama aiki; tafin hannunta ya yi zafi, kafaɗunta suna rawa. Titi fayau, babu yaro ko ɗaya, sai masu shago suna jan ƙofofi suna bin su da ido. A daidai shagon mai walda motar sintiri ta haske su.

Ɗan sandan da ya rubuta sunanta ne. Ya dubi Allura, ya dubi baro, ya tambaya ko asibiti za su.

"Tasha za mu, ɗana. Ni ce mai riƙonta, ga ni ina rakiya."

"Iya, wa ke raka wani a nan?"

"Kai dai karanta takardarka. In ka gama ka matsa, jirgi ba ya jiran mai kaki."

Ya yi dariya har ya dafa mota. Daga nesa jirgi ya yi kuka. Allura ba ta jira an sallame su ba, ta ɗaga hannayen baro ta tura da iyakar ƙarfinta.

Sun iso an ci minti uku. Baba yana tsaye jikin kan jirgi, ba ya ko duban ƙofar shiga, don ya daina sa rai. Ƙarar tayar ce ta juyo da shi. Ya tako da sauri, ya durƙusa gaban baro, ya ce, "Inna." Tsohuwar ta kama fuskarsa da hannu biyu tana cewa ya rame, wa ke ba shi abinci, me ya sa furfura ta fito masa tun yanzu. Sai a lokacin Allura ta tuna Kaka ma ta yi wata huɗu ba ta ga ɗanta ba, kuma ba ta taɓa faɗa ba.

Ta ja baya kaɗan ta bar su. Lissafi da yoyon rufi da maɓalli duk suna bakinta, ta haɗiye. Aka busa usur. Baba ya miƙe, ya karɓi ledar, ya koma kan jirgi ya ciro mai dattin daga ƙarƙashin kujerarsa ya kawo wa Allura. Ya kama hannunta ya juya tafin, ya ga inda ƙarfe ya yi ja. Ya dafa kanta, ya daɗe fiye da kullum, har mai tuta ya sake busawa.

Suka tsaya har fitilar taragon ƙarshe ta ɓace. Allura ta rungume rigar, tana warin man inji da zufa. A hanyar komawa ba ta yi sauri ba. Da suka wuce kasuwa, Kaka ta goge ido da bakin ɗankwali.

"Alhamis mai zuwa tun takwas da rabi za mu fito," ta ce. "Ni minti biyu sun ishe ni, ukun naki ne. Kuma ki nemo mai ki zuba wa tayar nan, ta cika surutu."